Fatar da Ta Warke Cikin Takaba

Har gobe ban manta da ranar da wata dattijuwa ta faɗo ɗakin maganinmu ba, ko sallamar kirki babu, ta tsaya a kaina ta ce, "Ke ce kike ba matar ƙanina man bilicin alhali tana cikin takaba?" Ina tsiyaya wa wani jariri maganin tari, saura kaɗan kwalbar ta suɓuce min. A lokacin ina wani ƙaramin asibiti a wani ƙauye tsakanin Zango da Mai'aduwa, ina babbar ma'aikaciyar lafiya, ɗakin magani kuma a hannuna yake. Ku da kuka zo bayanmu kuna ce min Anti Ba-ta-yarda in na juya baya, kuna zaton ba na ji. Ina ji sarai, ban kuma musa ba. To ku gyara zama ku ji inda rashin yardar tawa ya kai ni.

Sai na koma baya kaɗan. A can likita ba ya zama da mu. Ranar Laraba yake zuwa daga Daura, ya duba waɗanda muka tara masa, ya rubuta magani a kati, ya koma. Sauran ranaku mu ne komai. Abin da ya rubuta ni zan bayar, in yi bayanin yadda za a sha, in kuma bi sawun mara lafiya in ga yadda jiki ya karɓa.

Matar da ake magana a kai sunanta Rakiya, 'ya'yanta uku, mijinta Malam Idi ɗan kasuwa ne mai bin kasuwannin kan iyaka a kan babur. Na iske ta da ciwonta tun zuwana asibitin. Kirci ne, wanda mu a asibiti muke ce wa egzima. Ba ƙyasbi ba ne mai fari-fari, ba kuma makero ba ne. Wannan fata ce ke bushewa ta yi kauri, ta tsattsage, ta riƙa tsattsafo da ruwa, ga ƙaiƙayin da ke hana mutum sukuni. Nata a wuya yake, da bayan kunne, da wuyan hannu, da lanƙwasar gwiwar hannu. Mun ba ta man da ke kwantar da kumburi, ya lafa ya dawo. Mun hana ta sabulun kanti, mun ce kada ta sa hannu a omo, mun ce ta lazimci baslin mara ƙamshi. Duk ta bi, don Rakiya ba ta da gardama. Ciwon dai yana nan.

Wata Laraba, gab da faɗuwar damina, likita ya duba ta ya juyo ya ce min, "Malama Asabe, mu gwada mata bitamin D."

Na ce, "Ranka ya daɗe, na kirci? Wanda muke ba yara masu gwamen ƙafa?"

Ya yi dariya, don ya san halina. Ya ce, "Ban ce miki magani ba ne. Masu bincike wasu sun ga yana ɗan rage wa wasu mutane, wasu kuma sun gwada ba su ga komai ba. Jiki da hasken rana yake samar da shi, ita kuwa daga ɗaka sai cikin hijabi. Ba mu da abin auna shi a jini a nan. In ba ta wuce ƙa'ida ba, ba zai cutar da ita ba. Amma kada ta ajiye manta."

Na ba ta, na yi mata bayani, a raina ina cewa an dai ƙara wa baiwar Allah abin haɗiya.

Ba a yi sati biyu ba Allah ya yi wa Malam Idi rasuwa. Yana dawowa daga kasuwar Mai'aduwa, ruwan farko ya zaizaye gefen hanya, babur ya kwashe shi. Rakiya ta shiga takaba. Muka je muka yi gaisuwa, ana cikin kuka da cunkoso, wa ke ta kirci a ranar?

Sai da takabar ta kai tsakiya ta zo da rana, da rakiyar wata maƙwabciya, don bitamin ɗinta ya ƙare. Na ce ta ɗaga hijabi in gani. Tabɗi! Wuyan nan da na sani kamar bayan tukunya ya yi sumul. Hannun ya haɗe, babu tsaga ko ɗaya, baƙin tabon ma ya fara washewa. Fuska ta rame, ido ya faɗa, amma fatar sai ka ce ta budurwa.

Maƙwabciyar ta ce, "Ikon Allah! Kin ga aikin bitamin, Malama."

Na ce, "Uhm."

Kafin mako ya zagayo labari ya cika gari. Mai ƙyasbi tana son bitamin, mai ƙuraje tana so, har wata mai faso a ƙafa ta zo wai a ba ta irin na Rakiya. Na kore su da faɗa. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Ciwon da ya fi shekara goma yana wasa da mu, ƙwaya ɗaya a rana ta share shi tas haka? A aikin nan na ga warkewa iri-iri, kuma duk wadda ta zo da sauri irin wannan sai na leƙa bayanta.

To ashe ba ni kaɗai ke leƙe ba. Dattijuwar da ta faɗo min ɗaki ita ce Hajiya Hanne, yayar marigayin uwa ɗaya uba ɗaya. A Daura take aure, ita ta raine shi bayan rasuwar uwarsu, kuma a gidan nan in ta yi magana babu mai ɗorawa. Ta zo duba marayu ta tarar da matar ƙaninta tana sheƙi.

Na sallami mai jaririn, na ba ta kujera. Ba ta zauna ba.

Ta ce, "Shekara nawa tana gidansa da wuya kamar na kuturu? Bai taɓa ƙyamar ta ba. Yana kwanciya dama, ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, sai ga fata ta yi luwai? Wa take yi wa gyaran? Mai takaba ko kwalli ba ta sa wa, ita kuwa mai take shafawa a ɓoye."

Na ce, "Hajiya, abin da ke cikin katin mara lafiya ba na faɗa wa kowa sai da izininta, ko mijinta ne ya taso."

Ta ce, "To ki riƙe katinki. Ranar da ta fita takaba, in mako ya cika zan koma Daura da 'ya'yan ƙanina, ita kuma ta kama hanyar gidan ubanta. Matar da ta ci amanar mamaci ba za ta riƙe min marayu ba."

Ta fita. Na san za ta aikata. Abin da ya fi damuna kuma, zargin nata ba shirme ba ne. Ku kun sani, yawancin mayukan bilicin ɗin nan da ake shigowa da su ta kan iyaka akwai sinadarin kwantar da kumburi mai ƙarfi a ciki. Mai kirci in ta shafa, kwana kaɗan zai ɓace, fata ta yi haske, daga baya ta lalace gaba ɗaya. Ni ma da shi na fara zargin Rakiya, ba zan ɓoye muku ba.

Washegari da hantsi na ɗauki jakata na tafi gidan da sunan ziyarar gida, wadda dama tana cikin aikinmu. Hajiya Hanne ta fita unguwa. Na tarar da Rakiya a ɗaki kan tabarma, da baƙin zane da carbi. Na ce ta matso bakin ƙofa inda haske yake. Na kama hannunta na duba gaɓoɓin yatsu, don mai bilicin nan ne asirinta ke tonuwa, jiki ya yi fari gaɓoɓi su yi baƙi. Nata launi ɗaya ne. Na ja fatar kumatu in ga ko ta yi siriri, na duba damtse ko akwai nankarwa irin ta mai. Babu. Na ce ta kawo duk abin da take shafawa. Ta ɗauko baslin ɗinmu, da sabulun salo, da robar bitamin ɗin da muka ƙara mata. Man kumburin da muka ba ta ma ko buɗe sabon ba ta yi ba.

Ta ce a hankali, "Malama, ke ma zargina kike?"

Na ce, "Ni kowa zarginsa nake, Rakiya, har kaina. Kada ki damu."

Ta ce, "To ki taimake ni. Na ba ki izini, ki gaya wa Yaya bitamin ne ya warkar da ni. Ke za ta yarda da ke."

Na ce, "Zan gaya mata mun ba ki bitamin, zan gaya mata ban ga alamar bilicin ba. Amma in rantse shi ya warkar da ke, wannan ban sani ba."

Muna zaune sai na ji wani abu ya ɓace min a ɗakin, na rasa mene ne. Na ja numfashi, na sake ja. Ashe ƙamshi ne babu. Duk shekarun nan in Rakiya ta shigo asibiti, tun daga baranda ake sanin ta iso, har mu riƙa tsokanar ta. Yau ɗakin ƙasa-ƙasa yake, sai warin damina. Na ɗaga kai na ga wani akwatin katako a kan kabad an lulluɓe shi da ƙyalle.

Na ce, "Mene ne a can?"

Ta ce, "Kayan Malam ne."

Sai a lokacin abin ya faɗo min. Malam Idi turare yake sayarwa. Ba saro shi kawai yake yi ba, da hannunsa yake haɗawa, na ruwa da humra da na wuta. Mun tambayi matar nan sabulu, mun tambaye ta omo, abinci, har irin yadin hijabinta. A wurinmu kuwa wa ke lissafa turare cikin abin da ke sa ciwo? Matar aure ce, dole ta yi ƙamshi. Ni kaina da nake tambayar, da humra a jikina nake yi. Takaba ce kaɗai ta isa ta raba macen ƙasar nan da turare wata da watanni, kuma takabar ta faɗo daidai da fara bitamin.

Na ce, "Rakiya, wuya, bayan kunne, wuyan hannu. Ina mace ke sa turare?"

Ba ta yi mamaki ba, abin da ya tsaya min a rai ke nan. Ta dai dube ni, idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Malama Asabe, don girman Allah kada ki sa sunan Malam a cikin ciwona. Yana kabarinsa."

Na ce, "Ke, 'ya'yanki za a kwashe! Wannan maganar ita za ta wanke ki."

Ta ce, "Ban ba ki izinin wannan ba."

Na taso raina a ɓace. A hanya babu irin tunanin da ban yi ba. Ko tilasta mata yake yi? Ko akwai abin da yake zubawa a turaren da take tsoron a sani? Ko dai wani abu take ɓoyewa da ya fi wannan? Da Laraba ta zo na kwashe duka na gaya wa likita. Ya ce, "Biri ya yi kama da..." sai ya katse kansa ya yi murmushi, ya ce, "Bari in faɗa miki kai tsaye. Hasashenki ya fi nawa ƙarfi. Turare na daga cikin abubuwan da suka fi tayar da irin wannan ciwo. Bitamin ɗin ma ba zan cire shi ba, tunda yanzu ko tsakar gida ba ta cika fita ba, mai yiwuwa ya taimaka. Abu biyu sun canza lokaci ɗaya, ba mu da hanyar raba su sai in ɗaya ya dawo. Ki gaya mata ta nisanci turare ko bayan takaba. Sauran kuwa sirrinta ne."

Na aika wa Hajiya Hanne da abin da aka ba ni izini, cewa ga abin da muka ba ta, kuma na duba ban ga alamar bilicin ba. Ta aiko min da amsa wai ma'aikatan asibiti ai bakinsu ɗaya da duk wanda ya san hanyar ɗakinsu.

Takaba ta cika da kaka, ana cikin yankan gero. Aka gayyace ni fitar, na je da safe. An yi waina ta sadaka, mata sun cika tsakar gida. Rakiya ta yi wanka, an yi mata kitso, ta sa sabon atamfa, 'ya'yanta na maƙale da ita. Ana cikin addu'o'i sai Hajiya Hanne ta shiga ɗaki ta fito da wata 'yar kwalba mai ruwan zuma.

Ta ce, "Wannan shi ne na ƙarshe da Idi ya haɗa, bai kai shi kasuwa ba. Yau turare ya halatta gare ki. In har yana ranki, da nasa za ki fara."

Na miƙe tsaye. Na ce, "Hajiya, a bar turaren nan tukuna. Fatarta ba ta gama ƙwari ba."

Ta juyo ta auna ni sama da ƙasa. Ta ce, "Au! Man kanti fatarta ke ɗauka, turaren mijinta ne ba ta ɗauka?"

Maganar tana bakina, wallahi tana kan harshena. Rakiya ta dube ni sau ɗaya, na gane kallon. Sai ta zame ɗankwalinta baya, ta miƙa wuya, ta miƙa hannu biyu.

Ta ce, "Shafa min, Yaya."

Hajiya Hanne ta tsiyaya a tafinta, ta shafa mata a wuya da yatsu, ta bi bayan kunne, ta goga a hannu tun daga wuyan hannu har gwiwa. Ƙamshin ya tashi, irin nasa sak, mata da yawa suka fashe da kuka. Rakiya ta rufe ido tana shaƙa. Ni ko waina ban ci ba, na yafa gyalena na fito ina ta masifa ni kaɗai a hanya.

Kwana uku bayan nan, ina shirya magunguna da safe, sai ga su su biyu. Wannan karon Hajiya Hanne ta yi sallama. Ita ke riƙe da hannun Rakiya.

Ta ce, "Malama, duba min."

Na ɗaga hijabin. Innalillahi! Wuya ya kumbura ya yi jawur, ƙananan ƙuraje sun fashe suna ruwa. Amma ba ko'ina ba ne. Layi-layi ne, shatin yatsu huɗu a kowane gefe. A hannu ma haka, doguwar shafa tun daga ƙasa har gwiwa, har wurin da bai taɓa yi mata ciwo ba a da. Hajiya Hanne ta ɗaga nata hannun ta kai kusa da wuyan ba tare da ta taɓa ba. Shatin ya yi daidai da yatsunta.

Ta ce, "Bitamin ɗin tana sha, a gabana take sha kullum. Ba abin da ya taɓa wurin nan sai hannuna. Turaren ne?"

Na dubi Rakiya. Ta sunkuyar da kai, can ta gyaɗa min.

Na ce, "Shi ne, Hajiya."

"Da na da ɗin ma?"

"Alamu sun nuna haka."

Ta samu benci ta zauna. Ta ce, "Rakiya, tun yaushe kika sani?"

Ta ce, "Tun ina da cikin 'yarmu Amina. In na je wankan jego gida sai ya warke, in na dawo ya dawo."

"Kika yi shiru? Shekara da shekaru kina susa har jini?"

Rakiya ta ce, "Yaya, kin fi ni sanin ƙaninki. Ba ya kai turare kasuwa sai ya gwada a wuyana, wai a jikina yake jin gaskiyar ƙamshinsa. In ya shafa ya sunsuna, sai ki ga yana murna kamar yaro. Da na faɗa masa, a ranar zai kwashe kwalaben nan ya zubar a masai. Kuma ba shi da wata sana'ar. Da me zai ciyar da mu?" Ta share ido da gefen hijabi. "Da ya rasu kuma, in tashi in ce wa danginsa shi ya sa min ciwo? Bakina ba zai iya ba."

Ni da na yi makonni ina tsara mata laifi kala-kala, sai na ji kunya ta rufe ni. Na juya ina laluben man kumburi a kan teburin magani, alhali yana gabana.

Da na miƙo, Hajiya Hanne ce ta karɓa. Ta ce in nuna mata yadda ake shafawa. Na nuna mata, kaɗan-kaɗan, safe da yamma, baslin a kai. Ta wanke hannunta da sabulu har sau biyu a bokitinmu, ta sunsuna ta tabbatar babu sauran ƙamshi, sannan ta fara shafa wa matar ƙaninta. Ranar da mako ya cika Hajiya Hanne ta shiga motar Daura ita kaɗai, da akwatin katakon a cinyarta.

Bitamin kuwa, likita ya bar ta a kai na ɗan lokaci sannan ya tsayar, fatar ba ta ce komai ba. Har yau in kuka tambaye ni ko ya taimaka mata, amsata ita ce ban sani ba, kuma duk wanda ya ce muku ya sani ku tambaye shi yadda aka yi ya sani. Abin da na ɗauka daga wannan aiki shi ne, in mara lafiya ya warke, kada ku tsaya kan abin da ya fara sha, ku tambayi abin da ya daina. Ku yi zargi, aikinmu ne, ni ba zan fasa ba. Sai dai ku sani, ba duk mai ɓoye muku abu ba ne yake kare kansa. Na zargi ƙwaya, na zargi mai, na zargi mamaci, na zargi matarsa. Ko sau ɗaya bai zo min a rai ba cewa mace za ta ɗauki ciwo a wuyanta fiye da shekara goma don kada ran mijinta ya ɓaci.